Kulle Babur Kafin Kabbara

 

Ya ku 'yan'uwa, maganar yau ta babur ce. Na san akwai wanda zai ce a ransa, me ya haɗa wa'azi da babur? To ya je ya tambayi magidancin da ya sallame sallar asuba ya fito ya tarar da wurin da ya jingine nasa wayam. A yau sabuwar Boxer ta haura naira miliyan ɗaya. Wanda ya mallake ta, in ka bincika, ko dai adashi ya kwasa, ko ya sayar da shanun huɗa, ko matarsa ta fitar da ɗan kunnenta, ko kuma har yanzu yana kan biya kaɗan-kaɗan. A kanta ake kai yara makaranta, a kanta ake kai mai naƙuda asibiti cikin dare, a kanta ake kai taki gona. Ga ɗan acaba kuwa, ita ce tukunyar gidan gaba ɗaya. Dukiyar da rayuwar mutum goma ta rataya a kanta ba ƙaramin abu ba ce a wurin Allah, kuma tsare dukiya yana cikin abubuwa biyar ɗin nan da malamai suka ce shari'a ta zo ta kiyaye: addini, rai, hankali, nasaba da dukiya.

Akwai wata magana da ta zauna a bakinmu. Ka ce wa mutum, "Malam, ba ka kulle mashin ɗinka ba," sai ya ɗaga maka hannu ya ce, "Allah ne ke tsarewa." Gaskiya ya faɗa, babu mai tsarewa sai Allah. Amma gaskiya ce da aka ɗauko don a rufe lalaci. Kowa ya san labarin mutumin da ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure taguwarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka umarce shi ya haɗa biyun, ya ɗaure kuma ya dogara. Tirmizi ya kawo shi daga Anas ɗan Malik. Mun haddace shi tun muna yara, sai dai mun bar shi ga masu raƙuma.

Akwai wani labarin da ba a cika ba da shi ba, yana cikin Buhari. Sahabi Abu Barzata al-Aslami yana ƙasar Ahwaz lokacin yaƙi, ya tsaya yana salla a bakin ƙorama, linzamin dabbarsa a hannunsa. Dabbar ta riƙa fizga, shi kuma yana bin ta bai saki ba. Wani daga cikin Hawarijawa ya gan shi, ya shiga aibata dattijon. Da Abu Barzata ya idar sai ya ba shi amsa cewa ya fita yaƙe-yaƙe da dama tare da Manzon Allah, ya ga sauƙin da yake yi wa mutane, kuma ya fi masa ya koma tare da dabbarsa da ya sake ta ta gudu ya shiga wahala. Ku duba da kyau. Sahabi ne, yana tsakiyar ganawa da Ubangijinsa, bai ga cewa riƙe abin hawansa ya rage masa tsoron Allah ba. Wanda ya ga aibi a cikin hakan shi ne mai tsananin da ba shi da ilmi. Kai kuma da ba a ce ka riƙe linzami cikin salla ba, daƙiƙa talatin kawai ake nema ka sunkuya ka datse kwaɗo kafin ka shiga sahu, me ya hana ka? Ai wanda ya kulle ya fi samun natsuwa a sallarsa. Wanda bai kulle ba, duk ƙarar injin da ya ji a waje sai zuciyarsa ta bar liman ta fita ƙofar masallaci.

Mu shiga zauren fiƙihu kaɗan, domin a nan ne abin ya fi ba ni mamaki. Shari'a ta yi wa ɓarawo hukunci mai tsanani, amma ta sa sharuɗɗa, kuma babba daga cikinsu shi ne a ɗauke kayan daga hirzi, wato wurin da mai hankali yake adana irin wannan kayan a al'ada. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an bambance dabbar da aka saki tana kiwo a kan dutse da wadda aka riga aka shigar garke, an bambance 'ya'yan itacen da suke rataye a bishiya da waɗanda aka tara a masussuka. Na farko babu yanke hannu a kansu, na biyu akwai. Shehu Halil, mai Muhtasar ɗin da malamanmu na zaure suke karantarwa, wanda ya rayu a Masar a ƙarni na 8 na Hijira, ya kawo mas'alar da kamar don mu aka rubuta ta. Cikin wuraren da ya ce ba a yanke hannu, ya lissafa wanda ya ɗauke dabbar da aka bari a ƙofar masallaci ko a kasuwa, masu sharhi kuma suka bayyana cewa ana nufin wadda aka bari babu mai tsaronta. Kada wani ya fahimce ni a karkace. Wannan bai halatta wa ɓarawo komai ba. Haramun ya ci, sai ya mayar da kaya, kuma alƙali zai hore shi da abin da ya ga ya dace. Abin da nake so ku gani shi ne, shari'ar da muke alfahari da ita ba ta ɗauki ƙofar masallaci a matsayin ma'ajiya ba. Alfarmar ɗakin Allah ba ta zama kwaɗo ga abin da ka yasar a bakin titi. Tun kafin a ƙera babur malamai suka san cewa ɓarawo yana zuwa masallaci, kuma ba salla ke kawo shi ba.

Hausawa suka ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Yaron da yake yawo babu aikin yi, shaiɗan yana raɗa masa a kunne, ya zo wucewa ya ga babur da makulli a jiki, mai shi ya shiga shago "yanzu zan fito". Zunubin satar nasa ne, ba na musun wannan. Amma kai ka buɗe masa ƙofar da watakila da ba zai taɓa shiga ba. Kuma Buhari da Muslim sun ruwaito daga Mugira ɗan Shu'uba cewa tozarta dukiya yana cikin abubuwan da Allah Ya ƙi mana. Ba almubazzaranci kaɗai ba ne tozartawa, sakaci ma yana ciki.

To yaya ake kullewar? A nan zan sauko ƙasa, don wa'azin da bai kai ga hannu ba bai gama aikinsa ba.

Mu fara da gida, domin a nan mutum ya fi sakin jiki. Da yawa suna kwana da babur a ƙofar gida ba don komai ba sai don dokin ƙofar zaure ya yi tudu, ɗaga mashin kullum ya gundure su. Kwano biyu na siminti da 'yar tsakuwa sun isa a yi gangara a wurin. Ka shigar da shi ciki. In ka shigar, kada ka ce shi ke nan, domin katangar yawancinmu yaro ma yana haura ta, kuma wanda ya dira cikin gida daga ciki zai zare sakata ya tura babur ya fita salin-alin, ba zai tayar da shi ba sai ya yi nisa da unguwa. Saboda haka a sa wa sakatar kanta kwaɗo daga ciki. Wanda ya fi wannan, ka sa mai walda ya lanƙwasa maka rodi mai kauri, a binne shi cikin siminti a inda babur yake kwana, ya zama zobe a ƙasa. Kowane dare ka zura sarƙa ta cikinsa, ta ratsa tayar baya da gangar jikin mashin. Makulli kuma ya kwana a ɗakinka. Na sha ganin gidan da aka kulle babur tsaf, aka rataye makullin a ƙusa a zauren da babur ɗin yake. Ka rufe famfon mai kafin ka kwanta, kuma ka nisanta shi daga murhu da tukunyar gas, don kada ka tsere wa ɓarawo ka faɗa hannun gobara.

Umarnin rufe ƙofa da dare ba daga bakin 'yan sanda ya fara fitowa ba. A hadisin Jabir da Buhari da Muslim suka kawo, Manzon Allah ya yi umarni idan dare ya yi a rufe ƙofofi tare da ambaton sunan Allah, a rufe ƙorai, a kashe fitilu. Ambaton Allah da rufe ƙofa a jere suka zo, ba a ce ɗaya ya wadatar da ɗaya ba. Masu zaman gidan haya, wannan naku ne musamman. Wanda ya shigo ƙarshe ya bar ƙofa a sake don ba shi da babur a ciki, ya sani ya ci amanar maƙwabcinsa. Haka mai fita sallar asuba da yake jawo ƙyaure kawai ya wuce: wannan ɗan lokacin, maza suna masallaci, mata suna alwala, gari bai waye ba, ɓarayi sun san shi sarai.

A waje kuma, abu na farko da za ka cire daga ranka shi ne dogaro da makullin wuya. Ɗan ƙaramin ƙarfe ne, ƙato ɗaya ya murɗe kan da ƙarfi zai karye. Makullin tayarwa ma in babur ya tsufa yakan cinye har ya karɓi na wani, wanda ya san waya kuwa ba ya ma buƙatarsa. Ka kulle wuyan, amma ka ƙara da sarƙa mai kauri da kwaɗo na gaske. Kada ka sayi mashin na miliyan ka tsare shi da kwaɗon akwatin yara. Kada ka ɗaure tayar gaba ita kaɗai, sifana ɗaya ta isa a kwance ta a bar maka ita. Kada ka bar kwaɗon yana kwance a ƙasa inda za a samu wurin dukansa da guduma, ka ɗaga shi ya zama a rataye. In da turken ƙarfe ko bishiya, ka haɗa da shi, domin babur ɗin da aka kulle amma ba a ɗaure shi da komai ba, mutum biyu sun isa su cicciɓe shi su jefa a bayan A Daidaita Sahu. In ku biyu ne, ku haɗa naku da sarƙa ɗaya. Ka zaɓi inda idon mutane yake, gaban mai shayi ko mai faci, ka yi masa sallama ka ce, "Don Allah ga mashin ɗina nan." Lungu mai inuwa daɗinsa ga ɓarawo ne.

Wani abu mai araha da yake aiki: ka sa makanikin da ka yarda da shi ya yi maka ɓoyayyen makunni a wayar wuta, inda kai kaɗai ka sani. Ɓarawo gaggawa yake yi, in ya buga sau uku bai tashi ba, sau da yawa yakan yar ya gudu. Mai hali ya sa na'urar tiraka, wadda take aiki da layin waya ta nuna maka inda mashin yake. Sai dai a tuna tana cin kuɗin data, in layin ya mutu ta zama ƙarfen banza, kuma ba abin ba da labari ba ce a majalisa. In ta nuna maka wuri, kada ka tafi kai kaɗai, ka tafi da hukuma.

Takardu kuma, jama'a. Mutum nawa ne a cikinmu zai iya faɗin lambar injin babur ɗinsa da lambar shasi? Ka rubuta su yau a littafi, ka ɗauki hotonsu da na rasit a waya, asalin rasit ɗin ya zauna a gida, ba a ƙarƙashin sirdi ba. Wanda ya ajiye takardu a jikin mashin ya ba ɓarawo kaya ya haɗa masa da shaidar mallaka. Ka yi masa rajista ka sa lamba. Sau da yawa 'yan sanda sukan kama babura a hannun ɓarayi, su yi ta zama a ofishinsu rana tana dukansu, don masu su ba su da abin da za su nuna.

Yanzu ga wanda babur ɗin da ke hannunsa ba nasa ba ne, ko aro aka ba shi, ko ajiya, ko yana aiki da shi yana kai balas kowace yamma. Kai nauyinka biyu ne. Malamai ba su yi saɓani ba cewa wanda aka ba amana ya yi sakaci har ta salwanta, lamuni ya hau kansa. Ba ka isa ka bar mashin ɗin mutum a ƙofar gidan kallon ƙwallo babu kwaɗo, sannan ka dawo kana cewa ƙaddara ce ba. Kai kuma maigida mai ba da babura, ka ji tsoron Allah a kan yaranka. In ka tabbatar ya kulle, ya yi abin da mai hankali yake yi, aka fi ƙarfinsa, kada ka mai da shi ɓarawo don kana jin zafin asara. Kuma kada ka ɗora masa balas ɗin da zai sa ya kai tsakar dare yana ɗaukar fasinjan da bai sani ba zuwa bayan gari, musamman tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023 abin da yake saura a aljihun ɗan acaba ya ƙanƙance. A cikin Muwaɗɗa akwai labarin bayin Haɗibu da suka sace taguwar wani mutumin ƙabilar Muzaina suka yanka. Da aka kai wa Sayyadina Umar ƙara, ya lura ubangidansu yana barin su da yunwa, sai ya juya kan Haɗibu. Mai taguwa ya ce an taya ta dirhami 400 ya ƙi sayarwa, Umar ya sa Haɗibu ya biya 800. Imamu Malik ya ce ba a kan ninka kuɗin ake aiki ba a Madina, amma ku dubi inda idon Umar ya fara sauka: a kan wanda ya matsa wa na ƙasa da shi.

Sai masu saye. Wallahi da babu mai karɓa, da satar babur ta ragu ƙwarai. Yaro ya kawo maka mashin mai kyau da rabin kuɗinsa, babu rasit, lambar inji an goge ta, yana ta waige-waige, ka ce kai dai ciniki ka yi? Zuciyarka ta riga ta gaya maka gaskiya. Wanda ya sayi kayan sata yana sane, abokin tarayya ne a zunubin, kuma cinikin bai mallaka masa komai ba, duk ranar da mai shi ya zo da hujja zai karɓi abinsa. Haka makanikin da ake kawo wa mashin cikin dare ya wargaza shi, da mai shagon da yake sayen tanki da inji da taya ba ya tambayar daga ina. Kuma ku tuna inda wasu baburan suke ƙarewa. 'Yan bindigar da suka addabi Zamfara da Katsina da Sakkwato a kan babura suke shiga ƙauyuka. Abin ya kai a shekarar 2021 gwamnatin Katsina, cikin matakan tsaron da ta ɗauka, ta hana sayar da tsofaffin babura a kasuwar Charanchi. Mashin ɗin da ya bi ta hannunka don ribar dubu ashirin, kana da tabbacin ba a kansa za a ɗauke 'yar wani ba?

In kuma Allah Ya ƙaddara, ka yi duk abin da za ka yi aka ɗauke, to a nan ne wurin haƙuri da mayar da al'amari ga Allah, kuma a nan ne "Allah ne ke tsarewa" take da daɗin faɗa, don ba ka da abin zargin kanka. Ka kai rahoto wurin 'yan sanda nan take da lambobin nan, ka sanar da mai unguwa da 'yan sintiri da ƙungiyar 'yan acaba da makanikai. Amma kada ka karɓi lasifikar masallaci ka yi cigiya a ciki. Muslim ya ruwaito cewa wani ya ɗaga murya a masallaci yana cigiyar jan raƙuminsa, Manzon Allah ya tsawatar masa, ya nuna ba don wannan aka gina masallatai ba. Ka tsaya a waje ka faɗa, ko ka kai gidan rediyo. Kada kuma zafin rashi ya kai ka wurin mai duba ko masu turmi. Wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi, an yi masa gargaɗin rashin karɓar sallar kwana arba'in, ga shi kuma zai dawo da sunan maƙwabcin da bai ji ba bai gani ba, a ɓata zumuncin shekara talatin a kan ƙarya.

Abin da ya fi wannan muni shi ne ihun "ɓarawo!" da yake ƙarewa da taya da fetur. Babu malamin da ya halatta wannan, babu littafin da ya zo da shi. Shari'ar da ta sa sharuɗɗa masu yawa kafin a taɓa hannun ɓarawo, ta yaya za ta yarda 'yan kasuwa su ɗauki ransa ba alƙali ba shaida? Safwanu ɗan Umayya yana barci a masallacin Madina ya yi matashin kai da mayafinsa, ɓarawo ya zare. Ya kama shi da hannunsa, bai tara masa jama'a ba, ya kai shi gaban Manzon Allah. An sha kashe wanda kuskuren mashin ya yi, ya zura makullinsa a Boxer irin tasa sak da ke kusa da ita. Duk wanda ya jefa dutse a irin wannan taro, ya shirya amsar jini ranar da ba a ɓuya a cikin cunkoso.

'Yan acaba da 'yan kabu-kabu, ku yi hattara da fasinjan da yake ƙara kuɗi ba a tambaye shi ba don a kai shi wurin da babu mutane, da wanda yake miƙo lemo ko abinci a hanya. In an tare ka da makami, ka sakar musu. Shari'a ta ba ka damar kare dukiyarka, amma ba ta wajabta maka ka mutu a kan ƙarfe ba, kuma 'ya'yanka sun fi buƙatarka a kan mashin.

Kira na ga limamai da kwamitocin masallatai. Ranar Juma'a, da daren tarawihi da tahajjudi, da wurin ɗaurin aure da jana'iza, babura ɗari suke taruwa babu mai kallonsu. A ware fili guda mai ƙofa ɗaya, a sa matasa amintattu, a ba kowane mai babur kati mai lamba, kada wani mashin ya fita sai da katinsa. A biya su daga asusun masallaci ko naira ɗari-ɗarin da masu babura za su bayar, don kada a ce aikin Allah ne a bar su da yunwa. In ana jin nauyin cewa za su rasa Juma'a, malamanmu na Malikiyya sun lissafa tsoron salwantar dukiya cikin uzurorin da suke sauke ta, kuma a yawancin garuruwanmu masallatan Juma'a ba lokaci ɗaya suke tayar da salla ba. Sai a raba su kashi biyu: waɗanda za su yi gadi a nan su riga su yi tasu a masallacin da yake fara yi, ko su tafi wanda yake jinkirtawa bayan an watse. Wanda kuma aka sace wa babur ɗin da ya ɗauka bashi ya rasa yadda zai biya, yana cikin mabarta da Allah Ya ba su rabo a zakka. Kwamiti ya rubuta sunansa, ya kai wa masu fitarwa na unguwar kafin su aika da tasu wani gari.